Taken Hayatu

"Ɗaga hannun," in ji maɗori.

Mamuda ya ɗaga. Hannun bai kai ko tsayin ƙirji ba wani abu ya soke shi daga kafaɗa har cikin haƙora. Ya yi salati da ƙarfi, zufa ta karyo masa. Tsohon ko sannu bai ce ba. Ya ci gaba da bin ƙashin da babban yatsa yana dannawa, sannan ya lakato man shanu ya mulke wurin, ya mai da ɗauri, ya sake rataya masa hannun a wuya da tsumma.

"Ƙashi ya kama, amma ɗanye na," ya ce yana goge yatsu. "In kab bar shi har kaka, shina komawa yadda Allah yay yi shi. In kam matse ganga da shi yanzu, gocewa za shi yi. In ko yag goce, kak ka aiko a kira ni. Ni ɗori nika yi, ba ni ƙirar sabon ƙashi."

Wanda bai san kalangu ba zai ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda kafaɗar hagu ce ta karye, hannun dama mai riƙe gula, sandar kiɗa, lafiyarsa lau. Masu faɗin haka sun yi yawa a Kaura kwanakin nan, kuma duk wanda ya faɗa sai Mamuda ya ji kamar ya kwaɗa masa gular a ka. Dama bugu kawai take yi. Magana a hagu take, a hammata, inda ake matse tsarkiya, igiyoyin jikin gangar, a saki, murya ta hau ta sauka har ganga ta kira sunan mutum da na ubansa. Kalangun da ba a matsa ba, da shi da bugun garwa duk ɗaya ne.

Maɗori na fita aka danna hon a ƙofar gida. Alhaji Mudi ne, mawaƙin noman da Mamuda ke yi wa kiɗa tun yana saurayi, kamar yadda uban Mamuda ya yi wa uban Mudi. Turarensa ya riga shi shigowa zaure. Rabon da Mamuda ya sa shi a ido tun satin da aka kwaso su daga hanyar Zurmi.

Wasa suka je Zurmi ranar, mai biki ya riƙe su har rana ta yi sanyi. Kowa ya san abin da ke fitowa daga dajin nan in magariba ta kawo jiki, don haka direba ya taka mota iyakar ƙarfinsa. Taya ta fashe, bas ta yi ta wuntsilawa da su da ganguna da komai. Alhaji ba ya ciki, tuni ya yi gaba a tasa motar mai sanyi. Mamuda ya tashi da karaya a kafaɗa. Gado, mai kalangu na biyu, ya karye a wuyan hannun dama. Alhaji ya leƙo asibiti ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ajiye ledar lemo, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai yau.

"Sarkin kiɗa! Ya jiki? Kai, ai ka warke, har ƙiba kay yi."

"Da sauƙi, Alhaji."

"Madalla. To ka tuna yau na taron Alhaji Sadiƙ a Shinkahi. Ƙungiyarsu ta 'yan hatsi ta ba shi Sarkin Noma, kuma mu anka kira."

"Alhaji, maɗori bai kai kwanar layi ba. A kira shi ka ji da kunnenka."

"Wa yac ce ka matse wani abu? Ratayawa kawai za ka yi." Alhaji ya gyara zama, ya sassauta murya kamar mai kawo albishir. "Alamin mai sifiku shina da kiɗanka cikin injin nai, wanda yaɗ ɗauka bara. Shi za shi saki, kai ko ka tsaya gaba kana kai gula kana maidowa. Share hwage kaɗai. In nis soma waƙa, fiyano ta ɗauka."

Mamuda ya girgiza kai.

"In rataya kalangun babana in yi ma jama'a ƙarya da shi?"

"Ƙarya ta ina? Hannun wa ac ciki? Naka na. Kiɗanka na, sai dai na bara."

"Kalangu magana shikai, Alhaji, ka hi ni sani. Ba a sakin magana sai an duba wa az zamne."

Fara'ar Alhaji ta ɗauke. Ya miƙe yana kaɗe shaddarsa.

"To bari in hwaɗa maka gaskiya. Ni ban iya zama har kaka ina jiran ƙashinka. Akwai yara a Gusau masu fiyano, ganga goma na cikin akwati guda, ba su karaya, ba su gardama. Zumuncin iyaye nika dubawa. In kana zuwa, bas na nan tahe. In ba ka zuwa, hwaɗi yanzu in san na rabu da kalangu." Har ya kai bakin zaure ya waiwayo. "Kuma kak ka sa babbar riga ka ruhe ɗaurin ga. Bari a gani. Mutane na son irin haka."

Wannan ta ƙarshen ce ta fi ci wa Mamuda rai. Karayar da mutumin nan ya kasa zuwa dubawa, yau ita ce ta zama kayan talla.

Balaraba matarsa tana bayan ƙofa, ba abin da ya wuce ta. Ta shigo da hula da 'yar shara a hannu, fuskarta a murtuke.

"Allah ya isa tsakanina da ledar lemon nan," ta ce. "Amma ka tai, Baban Yusra. Ba don shi ba. In kaz zamna ya kore ka, in kam matsa ka nakasa. Wagga dai ba ta cin kahwaɗa, ba ta hana mu tuwo. Wasan yara sunka so, ka yi musu. Abu guda, ka rantse min ba ka matsawa, ko wa yaz zuga ka."

Bai rantse ba, ya dai ce to. Ita ta sauko masa da kalangun daga ƙusa, ta goge shi da gefen zaninta.

A cikin bas an cusa su tsakanin sifiku da janareta. Gado na gefensa, hannun dama a naɗe, shi ma an ce ya zo a gani. Makaɗa biyu, in an haɗa hannuwansu masu aiki sai a sami makaɗi ɗaya. Tsakiyar damina ce, amma gefen hanya ba geron da ya kai ƙugu sai nan da can kusa da gari. Sauran duk ciyawa ta cinye, gona bayan gona, har da waɗanda Mamuda ya taɓa tsayawa a cikinsu yana kaɗa wa maza suna tashin ƙura. Direba dai idonsa na kan daji fiye da kan kwalta.

Alamin mai sifiku na gaba, mutum ne mai furfura a gemu da waya a kunne kullum, shi ke bayar da hayar kayan sauti daga Kaura har Shinkafi. Mamuda ya taɓa kafaɗarsa.

"Wane kiɗa na za ka saki?"

"Na wata gayya da munka je bara. Shi yaf fi hita tas. Hwarkon kaɗai zan saka, kahin a kai inda mutane ka ihu Alhaji ya karɓa."

"Wace gayya?"

"Gayya dai. Ganga ai ganga ta."

"Ina son in ji kahin a saki."

"Injin na ƙarƙashin kaya. In mun isa."

Da suka isa janareta ya ƙi tashi, manyan baƙi sun riga sun zauna, kowa na duban rana don kada la'asar ta yi nisa bai kama hanyar gida ba. Alamin na ta zufa da zagin fulogi. Mamuda ya tuna da maganar, sai baƙin ciki ya sa ya ƙyale ta. Ya ce a ransa tunda abin ƙarya ne, su je can su ƙarata, me ya dame shi da wace ƙarya aka zaɓa.

Fili ne a bayan kasuwa, an kafa rumfuna an jera kujerun roba. Alhaji Sadiƙ na tsakiya cikin farare, an ɗora masa wata sabuwar garma da aka shafa wa fenti ruwan zinariya, yana riƙe da ita kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani. Mutumin nan hatsi ya sani a buhu, ya san ranar da ake ɓoye shi da ranar da ake fito da shi. Ko ya taɓa sunkuyawa a kunyar gona, to Allah kaɗai ya gani. Can gefe kuma, a rana, ba rumfa ba kujera, an tsayar da dogon layi na mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, waɗanda suka baro gonakinsu suka raɓe a Shinkafi. Kowa da buhunsa a hannu, ana jira a gama naɗi Sarkin Noma ya auna musu gero. Manoma ne ke layin gero a gaban ɗan kasuwa, kuma an kira makaɗa su taya murna.

A gidan su Mamuda, share fage ba wasa ba ne. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, makaɗi ke fita ya gai da maza. Duk manomin da ya isa yana da takensa, ɗan kiɗan da ba na kowa ba sai nasa, wanda in ya ji ko yana cin tuwo sai ya tsame hannu. Abu na farko da ubansa ya koya masa shi ne ya duba taro kafin ya taɓa fata. Ba a kiran wanda ba ya nan. Mamaci kuwa ko da wasa. Ranar da aka binne mutum, ranar ake ajiye takensa, sai in wani ɗansa ya taso ya yi aikin da za a ce ya cancanta. Manoman ƙasar nan duk sun san haka, kuma Alhaji Mudi a cikinta ya girma.

Janareta ya tashi. Gado ya taimaka masa da hannun hagu ya rataya kalangun, kalangun ya zauna a ƙarƙashin hannun da ke ɗaure ba tare da an matsa ba. Mamuda ya fita fili. Sanƙira ya riga shi da kururuwa a lasifika.

"Ku dube shi, jama'a! Karyayye na, daga shimhiɗar jinya yat taso! Yac ce ko hannun zai cire sai ya kaɗa ma Sarkin Noma!"

Aka ɗau tafi. Alamin ya danna abin dannawarsa, kiɗa ya ɓarke.

Abin takaicin shi ne kiɗan ya yi daɗi. Mamuda bai taɓa jin kansa daga waje haka ba. Hannu ne na mai lafiya, kafaɗa ce da ba ta san karaya ba, ganga na hawa tana sauka tana lanƙwasa kamar harshe. Shi kuwa ga shi tsaye a tsakiyar fili kamar mutum-mutumin gona, yana kai gula tana tsayawa kafin ta taɓa fata. Wani mai ƙaton ciki ya taso ya cusa masa kuɗi a cikin tsumman ɗaurin, daidai kan ciwon, yana kallon masu ɗaukar hoto. Mamuda ya cije.

Sai wani take ya shigo, Mamuda ya ga wani dogon mutum a layin gero ya zabura, ya ɗaga hannu sama zai yi jinjina. Ya ga buhu ne a hannun, ya sauke a hankali. Wani taken ya biyo, wani kuma ya ɗago kai. Mamuda ya gane gayyar. Ta wani ƙauye ce a bayan Moriki, a gonar Malam Muhammadu, kuma mutanen ƙauyen ne waɗannan a layi. Ya tuna yadda ya jero su ranar, ɗaya bayan ɗaya suna sunkuye suna aiki. Ya tuna wanda ya ajiye a ƙarshe, don in aka taɓa shi ba a ƙara jin kowa.

Hayatu ne, babban ɗan Malam Muhammadu, manomin da ake zuwa kallo daga wasu garuruwa. Farkon daminar bana ya ce shi ba zai zauna yana kallon ruwa na zuba a banza ba, ya ɗau iri ya tafi shuka. A bakin gonar 'yan bindiga suka harbe shi. Mamuda ya je jana'iza, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ya bi layin da ido yana addu'ar kada ya gani, sai ga shi. Malam Muhammadu na tsaye kusa da ƙarshe, ya rame, rigar ta yi masa yawa, buhu a naɗe a hammata.

Mamuda ya waiga wajen injin. Alamin ba ya nan, ya zaga bayan rumfa wajen janareta. Ya juya ga Alhaji Mudi, wanda ke tsaye da lasifika a hannu yana jiran lokacinsa. Idonsu ya haɗu. Alhaji ya gane, ba shakka ya gane, shi da ya yi wa Hayatu waƙa guda cur. Ya ɗan girgiza kai, ya yi masa nuni da haɓa: ci gaba.

Taken Hayatu ya fito daga sifiku, tas, da ƙarfin da ya cika fili har kasuwa.

Masu kujera ba su ji komai ba sai daɗi, wasu har da kaɗa ƙafa. Layin gero kuwa ya juyo gaba ɗaya. Wata mata ta dafe kai ta ce innalillahi. Malam Muhammadu ya ɗago, ya fara duban bakin fili, wajen da mutum zai shigo in an kira shi. Daga nan ya maido ido kan Mamuda. Ba harara ba ce, da harara ce da sauƙi. Kallon mutum ne da ke tambayar yadda aka yi har kai.

Jikin Mamuda ya riga tunaninsa. Hammata ta kama tsarkiya za ta karya kiɗan ta juya shi wani wajen, yadda zai yi in da gangar tasa ce ke magana. Zafi ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa, ya ga wuta-wuta, ya saki. Ko ya matsa har ƙashin ya rabu biyu, ganga ɗaya ba za ta danne sifiku ba. Abin da ya rage masa biyu ne. Ya ci gaba da kai gula, taken ya wuce, ya koma Kaura da aikinsa, mutanen nan kuma su tafi da labarin cewa Mamuda ya kira mamaci a gaban ubansa don a liƙa masa kuɗi. Ko kuma ɗayan.

Ya sa hannun dama ya zare maratayi ta kansa. Ya durƙusa ya ajiye kalangun a ƙasa. Ya ja da baya, ya ɗaga gula sama yadda kowa zai gani, ya tsaya.

Kiɗa bai fasa ba. Ganga na kwance a ƙasa ba mai taɓa ta, tana ta kiran Hayatu.

Tafin ya mutu. Mai ƙaton cikin nan ya saki baki. Wani daga baya ya yi dariya, wani ya ce kai, ashe rediyo na. Gado ne ya ruga, ya damƙi wayar da hannun hagu ya fizge ta daga jikin injin. Fili ya yi tsit, sai gurnanin janareta.

"Mi yaf faru?" in ji Alhaji Sadiƙ daga kan kujerarsa, garmar zinariya a cinya. "Wuta ta? Kiɗan na da daɗi, don mi anka kashe?"

Malam Muhammadu ya fito daga layi, ya bar gurbin da ya yini yana tsaro, ya tako har gaban Mamuda.

"Da nij ji shi, nic ce Mamuda ya mance," ya ce a hankali. "Nic ce har Mamuda."

"Ban mance ba, Baba."

"Na gani." Tsohon ya dubi ɗaurin da kuɗin da ke leƙowa daga cikinsa. "Da wagga kahwaɗa kaɗ ɗauki makara tai."

"Da ita, Baba."

"To ɗauke gangar ubanka daga ƙasa. Ba ita tay yi laihi ba."

Alhaji Mudi bai bari an kai ga haka ba. Ya yi wa masu fiyano ihu su tashi kiɗa, ya ja Mamuda bayan rumfa ta hannun lafiyayyen.

"Ka tozarta ni gaban manya! Ka ci amanar gidanmu!"

"Ka san taken wa na, Alhaji."

"Na sani! To sai mi? Da kad daure da ya wuce, wa zai tuna?"

"Uba nai na tsaye."

"Uba nai na yak kira mu? Shi ka biyanmu?" Alhaji ya nuna shi da yatsa har yana taɓa tsumman. "Ka nemi motar da za ta maishe ka. Daga yau na rabu da kalangu, na rabu da kai. Ka tai ka kaɗa ma 'yan layin gero, su ba ka tsaba."

Mamuda ya so ya faɗi abubuwa da yawa, tun daga hanyar Zurmi har ledar lemo. Ya fasa. Ya zaro kuɗin da aka cusa masa a ɗauri ya saki a ƙasa tsakaninsu, ya juya. Gado ya riga ya ɗauko kalangun ya rataya a tasa kafaɗar. Ba wanda ya kore shi, shi ya kori kansa.

A tasha mota ɗaya ta rage mai zuwa Kaura, direban na ta rantsuwa cewa daga ita ba wata sai gobe, kuma shi ba zai jira kowa rana ta faɗi yana hanya ba. Suka sami wuri a baya. Daga nan ana jiyo fiyano da muryar Alhaji Mudi yana wasa mai garmar zinariya, wai shi ne ya ciyar da Zamfara. Kafaɗar Mamuda na zugi tun matsawar nan da ya fara. Ya lallaɓa wurin da yatsa, ƙashin dai yana inda maɗori ya bar shi. Yana tunanin yadda zai shiga gida ya gaya wa Balaraba cewa kafaɗa ta tsira, tuwon ne bai tsira ba. Duk lokacin da ya tuna muryar Alamin yana cewa ganga ai ganga ce, sai ya ji zuciyarsa na tafasa. Ya ce wa Gado in Allah ya yarda shi da injin nan ba za su ƙara haɗa hanya ba ko a lahira.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Malam Muhammadu ne, yana haki, buhunsa har yanzu a naɗe ba komai a ciki. Mamuda ya sauko da sauri.

"Baba, ba ka karɓi geron ba?"

"Layi ya wuce ni. Bar wannan." Tsohon ya tsaya ya maida numfashi. "Tambaya gare ni. Kiɗan ga na gayyar gonata na, ko?"

"Shi na, Baba."

"Ina wurin rannan. Da kag gama take nai, ya tashi tsaye ya yi kirari. Har yay yi dariya daga baya, ka tuna? Kusa da abin ɗaukar magana shike." Ya haɗiyi yawu. "Shina ciki?"

Mamuda ya tuna abin da Alamin ya ce a mota, kafin a kai inda mutane ke ihu.

"Shina ciki, Baba."

"Na yi zaton haka. Ina tsaye ina jira, sai anka cire waya." Bai dubi Gado ba, amma Gado da ke leƙowa ta taga ya sunkuyar da kai. "Ba mu da ko hoto nai, duk sun ƙone da gidan. Uwa tai ba ta barci." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba. "An ce ana iya zuba shi cikin irin wagga. Ni ban san mai injin ba, kuma irinmu ba a barinmu kusa da rumhwa. Kai ka san shi."

Direba ya danna hon, ya leƙo yana faɗa, masu shiga su shiga. Mamuda ya dubi motar, ya dubi rana da ta fara yin ja. Ya dubi hanyar da ta koma filin, inda aka kore shi ɗazu a gaban jama'a, inda sai ya ratsa ta gaban Alhaji Mudi kafin ya kai ga Alamin, kuma in ya kai, roƙo zai yi.

"Gado," ya ce, "kai ma Balaraba gangar. Ka ce mata ban matsa ba. Ka ce sai gobe."

Ya karɓi wayar daga hannun tsohon ya jefa a aljihun gaba. Motar ta tashi ta bar su a tsaye. Ya gyara tsumman a wuyansa, ya rage sauri don kada ya bar Malam Muhammadu a baya, suka nufi inda fiyano ke tashi.